Kashin Shanun Garinmu a Ƙasar Sanyi

Tambayar farko da aka yi mini a ƙasar Beljiyam ba ta sunana ba ce, ba kuma ta abin da ya kawo ni ba. Wata ma'aikaciyar kwastan ce ta nuna kular da na rungume a ƙirji, ta ce mene ne a ciki. Tun a jirgi nake bitar Turancin da zan yi idan an zo nan, amma da na buɗe baki duk ya gudu, sai kawai na ce mata kashin shanu ne.

Ta dube ni, ta dubi kular, ta kira wani. Shi ma ya kira wani. Kafin wani lokaci mutum huɗu sun kewaye ni, sun sa safar hannu, suna jujjuya takardun izinin da na sha wuya kafin in samu. Suka buɗe kular. Kwalabe talatin da ɗaya ne a jere, kowace da lambarta, kowace da ɗan curin kashi a cikin ruwan maganin da ke hana shi lalacewa. Babbansu ya ɗaga ɗaya ya haska ta a fitila, ya daɗe yana kallo.

"Tun daga Afirka ka ɗauko wannan?"

Na ce e.

"Mu ma fa muna da shanu a nan," in ji shi. Ya buga hatimi ya miƙo mini takarduna.

Ban yi dariya ba, don ban san wasa yake yi ba. Mutanen ƙasar nan da fuskar ta'aziyya suke yin barkwanci, kuma har na baro su ban iya rarrabewa ba.

Bari in faɗi yadda aka yi kashin shanu ya hau jirgin sama. Sunana Sabi'u, malamin dabbobi ne ni a wani ƙauye arewa da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona, babu dajin da za a saki dabba. A wurinmu mai shanun huɗa shi ne manomi. Wanda ba shi da su sai ya jira a gama ta kowa sannan a zo tasa, a lokacin damina ta yi nisa. Shekara biyu ke nan wata cuta ta shiga shanun huɗar nan. Sa zai riƙa ramewa alhali yana ci, gashinsa ya tashi, ka buɗe idonsa ka ga fari fat, sai kumburi ya fito masa a ƙarƙashin haɓa, daga nan ya kwanta. Na yi musu allurar sammore, ba ta yi ba. Na ba su maganin tsutsar ciki da muka saba da shi, bai yi ba. Wasu suka ce guba ce a ciyawa, wasu suka ce iska ce, wasu ma a bayan idona suka ce allurata ce. Kuma ba a taɓa yanka ko ɗaya a garin ba balle a ga cikinsa, domin da zarar sa ya fara kwanciya sai a loda shi a mota a kai shi kasuwa mai nisa, inda ba a san mai shi ba. Bijimai biyu da mahaifinmu ya bar mana, haka suka tafi, ni malamin dabbobi ina tsaye ina kallo.

Da na samu gurbin horon wata shida kan gano tsutsotsi da ƙwayoyin da ke rayuwa a jikin dabbobi, sai na roƙa a bar ni in tafi da abin gwaji daga garinmu. Mai'unguwa ya tara magidanta a ƙofar gidansa na yi musu bayani. Da na gama ya ce, "Sabi'u, ba ma son tsaraba. Sunan cutar nan za ka kawo mana kafin ruwa ya sauka."

A garinmu shanu a cikin gida ake ɗaure su, kuma namiji baligi ba ya shiga gidan matar aure. Saboda haka zaure-zaure na bi. In yi sallama, maigida ya fito, in ba shi kwalba da ɗan cokali, in ce ya ɗebo mini mai ɗumi, na wanda ba shi da lafiya. Ya ce to, ya shiga, ya fito da ita a cike. Gida talatin haka na yi. Gida ɗaya ne kawai na shiga da ƙafata, gidan Iya Tabawa, ƙanwar kakata, wadda tun ina ƙarami take ce mini mijinta. Saniya ɗaya gare ta tak, ja, wadda take kaiwa bakin tafkin da aka haƙa mana don noman rani. Ita ma ta fara ramewa. Na durƙusa na ɗiba da hannuna, Iya tana tsaye a kaina tana cewa, "Wannan miji nawa, kowa na kai wa Turawa kilishi, shi kashi zai kai musu."

Daga filin jirgi sai tashar jirgin ƙasa, kuma a nan aka yi mini maraba ta biyu. Allunan duk da harsuna biyu aka rubuta su, babu wanda na iya a ciki. Gari ɗaya ma suna biyu gare shi. Ina tsaye ina juye-juye, kula a ƙirji, jakar kaya a ƙafa, sai ga wani baƙar fata ɗan'uwana, sanye da kwat mai kyau. Ya ce mini ɗan'uwa, ya karɓi takardar da aka rubuta mini adireshi, ya ce ai hanyarmu ɗaya. Ya miƙo hannu zai karɓi kular, na hana. Ya ce to kawo jakar in rage maka. Na ba shi, har da godiya. Muka sauka wata matakala mai tafiya da kanta, ni ina ta fama kada in faɗi, da na ɗago kai babu shi babu alamarsa.

Na fi awa ina tsaye a wurin, wai ko ya dawo. Ba na son in yi masa mummunan zato. A jakar nan akwai rigunan sanyin da na saya a Kano, da kilishi, da garin kunu, da yajin da Inna ta daka mini da hannunta. Ya tafi da su duka, ya bar ni da kashin shanu. Na sha tunanin ranar, da kular ya samu, wace irin fuska zai yi idan ya buɗe.

Da yamma na isa garin da makarantar take, wanda har yau ban iya faɗin sunansa yadda masu shi suke faɗa ba. Aka ba ni ɗaki a hawa na uku, da gado da tebur da taga mai kallon bango. Sanyin wurin ba irin namu ba ne da ake hura wuta a kore shi. Jiƙaƙƙen sanyi ne mai shiga ƙashi ya zauna. Rana kuma sai ta ga dama take leƙowa, ƙarfe huɗu ta yi sallama. Sati guda ina haɗa la'asar da magariba ba da niyya ba, ina ta istigfari.

Abin da ya fi sanyin ciwo shi ne gaisuwa. Maƙwabcina na ɗaki, kullum da safe sai na tsaya na tambaye shi kwana da gajiya da iyali. Ranar farko ya amsa. Rana ta biyu ya gyaɗa kai. Rana ta uku na ji ya tsaya a bayan ƙofarsa yana jira in wuce. Na koma ɗaki ina tunanin laifin da na yi masa, ban gano ba. Mutum ɗaya ne a unguwar yake amsa gaisuwata har ƙarshe, wani dattijo Baturke mai gidan burodi. Ba ya jin Turanci, ba na jin yarensa, amma in na ce salamu alaikum sai fuskarsa ta washe. Shi ya nuna mini alƙibla da hannu, shi ya raka ni masallacin Juma'a da ke ƙarƙashin wani gini. Saboda sallamar nan kawai na ci burodin da ban ci ba tun haihuwata.

A ɗakin gwaje-gwaje mutum biyu ne a kaina. Akwai Farfesa, dogo, mai magana ƙasa-ƙasa, wanda in ya ce "abin sha'awa" ba ka sani ba yabo ne ko ka yi ɓarna. Akwai kuma Madam Hilda, tsohuwar ma'aikaciya, wadda ita ce ainihin mai koyar da aikin hannu. Kwana biyu tana ganina da 'yar shara ɗaya ina rawar ɗari, rana ta uku ta ajiye mini wata ƙatuwar kwat a kan kujera, ta ce ta marigayi mijinta ce. Na fara jero mata godiya da addu'a kamar yadda aka koya mini a gida, ta ɗaga hannu ta ce ya isa, in wanke hannu mu fara aiki.

Aikin kansa ba shi da wuya, duk macen da ta iya tace gasara za ta iya shi. A dama kashin da ruwa, a tace a rariya mai laushi, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama, a sake zuba wani, har sau uku. Abin da ya kwanta a ƙasa shi ake so. A ɗiga masa shuɗin ruwa, a sa a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu. Komai zai koma shuɗi, ban da ƙwan tsutsar hanta, shi zai fito ruwan zuma. Tsutsar hanji kuma da ruwan gishiri ake kama nata ƙwan, don shi tasowa yake yi sama. Madam Hilda ta fara gwada mini da nasu abin koyarwa. Ranar da na fara ganin ƙwan nan da idona, sai da na ja da baya daga kujera. Shekara tara ina yi wa dabbobi magani da ka, ban taɓa ganin abokin faɗan nawa ba sai ranar.

A sati na biyu aka ce in buɗe kulata. Na yi bismilla na ɗauki kwalba ta ɗaya. Shuɗi kawai. Ta biyu, shuɗi. Ta uku, ta huɗu, haka. Na gwada ruwan gishiri, ɗan abin da na gani bai kai ya kayar da ɗan akuya ba balle sa. Kwana huɗu ina yi, kwalba talatin, tsaf kamar an wanke su. Sai a ta ƙarshe, ta talatin da ɗaya, ina sa ido na ga madubin ya cika da ruwan zuma, ƙwai birjik har suna hawa kan juna. Kwalbar Iya Tabawa ce.

Na ruga wurin Farfesa. Ya zo ya leƙa, ya ce abin sha'awa. Sannan ya zauna ya yi mini bayani a hankali. Ya ce tsohuwar saniya ɗaya mai tsutsar hanta ba labari ba ne, ko'ina ana samu. Ya ce idan dabba talatin marasa lafiya ba su da ita, to ba ita ce ke kashe shanun garinku ba, ka nemi wani abu. Magana ce ta ilimi, ban ga inda zan kama in musa ba. Na mayar da kwalbar Iya ƙasan kula, na rubuta a littafina cewa ita daban ce. Ban kira gida na ce a ba saniyar magani ba. Kaina yana kan talatin ɗin nan, na manta cewa ita ma ɗayar dabbar wani ce.

Daga nan na shiga ruɗanin da ban taɓa shiga irinsa ba. Na sake gwada kwalaben, na sake, har kashin ya fara ƙarewa. Na ce ko hannuna ne, Madam Hilda ta yi da nata, abu ɗaya. Na ce ko idona ne, na je aka auna, aka ce lafiyarsa lau. Na ce ko ruwan maganin da na zuba ne ya narkar da ƙwan, aka ce to me ya sa bai narkar da na kwalba ta ƙarshe ba. Har zargin mutanen kwastan na yi, na ce ko sun musanya mini da na shanunsu, tun da mutumin ya ce su ma suna da su. Wata rana a masallaci na kama kaina ina tunanin ko dai masu cewa iska ce sun fi ni gaskiya, tun da iska ba ta yin ƙwai.

Ga waya daga gida. Duk Juma'a bayan an sauko, Mai'unguwa zai kira.

"Sabi'u, ya sanyi?"

"Alhamdu lillahi, Baba."

"An samu sunan?"

"Ana kan dubawa, ranka ya daɗe."

"To. Na Malam Audu ma ya kwanta shekaranjiya. Allah ya taimaka."

Haka kowane sati, sai dai sunan mai san ya canja. Na daina jin daɗin Juma'a. Abokan karatuna, wasu daga Habasha wasu daga Asiya, kowa yana ta samun abin rubutawa, ni kuwa littafina babu komai sai babu, babu, babu. A wata na huɗu Farfesa ya kira ni ofis. Ya ce ko dai in bar maganar garinmu in kama wani aiki da nasu kayan, ko kuma in koma gida da takardar halarta kawai. Sannan ya tambaye ni, da muryar nan tasa, ko na tabbata dabbobin nan ba su da lafiya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa biyu daga cikin waɗanda cutar ta kayar namu ne. Ya ce ya yi haƙuri da jin haka, amma ba ita ce tambayarsa ba.

Madam Hilda ce ta warware abin, kuma ba a madubi ba, a wurin wanke-wanke. Ina wanke rariya ta tsaya a kaina, ta sa ɗan tsinke tana tona tukar da ta rage a kai, wadda kullum nake zubarwa ban ko kalla ba.

"Me shanunku suke ci?"

Na ce ciyawar bakin tafki, tun da a rani ita ce ɗanya, sai ɗan kara.

"Waɗannan ba ciyawa suke ci ba," in ji ta. "Duba. Wannan ɓawon hatsi ne. Wannan kuma busasshen ganyen wake. Shanun nan sun fi ni cin daɗi."

Na duba. Dusa ce da harawa, ko makaho ya shafa ya sani. Ta ce in kawo kwalbar ƙarshen. Muka tace ɗan abin da ya rage. Zaren ɗanyar ciyawa ne zalla.

Na zauna a kan kujera. A garinmu sa ɗaya ne yake cin dusa da harawa: san turke, wanda ake kiwatawa don kasuwar babbar salla. Ba ya huɗa, ba ya jan amalanke, ba ya zuwa tafki. A inuwa yake, ruwan rijiya ake kawo masa har gabansa. Amma me zai kawo kashin san turke cikin kwalabena, ni da na ce na marar lafiya? Na fita waje cikin yayyafi da kwat ɗin mijin Madam Hilda, na kira Inna.

Bayan mun gaisa na ce, "Inna, kwalaben nan da na raba, na wane sa aka ɗebo mini?"

"Na wane sa kuwa? Na masu kyan mana."

"Inna, ai cewa na yi na marasa lafiya."

"An ji ka. Bayan ka tashi ne mazan suka yi shawara. Suka ce yaron nan ƙasar Turawa za shi, a gaban manyan malamai za a buɗe abin nan, a ce ga na garin su Sabi'u. Sai a ɗauki zawon sa mai mutuwa a ba ka? Ai sai a ce ba mu iya kiwo ba, kai ma a raina ka. Malam Audu ma da ba shi da na turke, katanga ya miƙa aka ɗebo masa a gidan ƙaninsa."



"Sabi'u, kana ji na? Ba cuta ɗaya ba ce a garin? In tana nan ai za su gan ta ko a na wa."

Ban san lokacin da na fara dariya ba, kuma ban san lokacin da ta koma kuka ba. Wata huɗu ina zargin idona da hannuna da kwastan da aljanu. Ashe mutanena ne suka yi mini abin da ake yi wa duk mai tafiya, suka zaɓo mafi kyau suka ba ni. Ni da aka haifa a garin, ni da na san ko ƙwai za a ba baƙo sai an zaɓa, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na ji haushinsu, na ji kunya, kuma ban taɓa jin kewarsu kamar ranar ba.

Faɗa wa Farfesa ya fi komai wuya. Na yi ta kewaye-kewaye har na gama. Ya cire tabarau ya ce, "Wato ƙarya suka yi maka."

Na ce a'a, ba ƙarya ba ce, karramawa ce.

"Ka ce su ba ka abu kaza, sun ce to, sun ba ka wani."

Na ce e, amma don kada in ji kunya ne.

"Yanzu ba ka ji kunyar ba?"

Ya daɗe yana kallon taga, sannan ya ce abin sha'awa, kuma a wannan karon na tabbata da gaske yake. Ya ɗauki alƙalami ya ce to mu sake lissafi. Shanu talatin da ba sa zuwa tafki, babu tsutsa. Saniya ɗaya mai zuwa tafki, kuma ita kaɗai ce marar lafiyar da muka tabbatar, cike take da ita. Ya tambaye ni yaushe aka haƙa tafkin. Na ce shekara uku. Ya ce akwai ƙananan katantanwa a bakinsa? Na ce kamar tsakuwa. Ya ce a jikinsu tsutsar take girma, ta fito ta manne a ciyawa, sa ya ci, ta wuce hanta. Kuma maganin tsutsar hanjin da nake ba su ba ya taɓa ta, nata daban ne. Ya ce amma kwalba ɗaya ba hujja ba ce, sai an buɗe hantar wanda ya kwanta an gani.

Ban jira Juma'a ba, na kira Mai'unguwa. Ban yi masa maganar kwalabe ba, shi ma bai yi ba, amma daga yadda ya amsa sallama na san Inna ta riga ni. Na ce ina zaton tsutsar hanta ce, daga tafki take, a hana shanu zuwa, a nemo magani kaza. Ya ce hana mutane ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani ba ƙaramin abu ba ne, ba za su yarda da zato ba. Na ce to duk wanda ya kwanta nan gaba, kada a kai shi kasuwa, a yanka a garin a duba hantar.

"Akwai wadda take kwance yanzu haka," in ji shi. "Kwana uku ke nan ba ta tashi ba. Ta Iya Tabawa."

Tun sati na biyu na ga abin da ke cikin saniyar nan. Da na ɗaga waya a lokacin, kwalbar magani ɗaya ta ishe ta.

An ce dillalai sun zo da mota, Iya ta hana. Ta ce tun da mijinta ya ce a duba, a yanka ta a nan kowa ya gani. Washegari da hantsi aka kira ni ta bidiyo. Ina tsaye a ɗakin gwaji, Madam Hilda a gefena, Farfesa a bayanmu, muna kallon ƙofar gidan Mai'unguwa a cikin tafin hannuna. Magidanta sun yi da'ira. Mahauci ya ɗora hantar a kan faranti, ta kumbura ta yi fari-fari. Da ya sa wuƙa har ta waya na ji ƙaras-ƙaras kamar yana yanka yashi. Ya matsa, sai ga su suna fitowa, falan-falan kamar ƙananan ganyen darbejiya, suna motsi. Can na ji muryar Mai'unguwa yana cewa, "To. Ga sunan nan mun gani." Na yi ta neman Iya a cikin hoton, ban gan ta ba.

Sauran wata biyun a guje suka wuce. Na koyi abin da zan koya, Madam Hilda ta haɗa mini rariya biyu da kwalbar shuɗin ruwa, aka ba ni wani tsohon madubi da suka daina amfani da shi. Na mayar mata da kwat, ta ce in ajiye, wata rana zan tuna da sanyi. Baturke mai burodi ya rungume ni ya yi ta magana, ban ji ko kalma ɗaya ba, na yi ta cewa amin.

Na iso gida saura 'yan makonni ruwa ya sauka. An ba shanu magani, an koma shayar da su a rijiya, yawancinsu sun tashi, har sun fara mayar da jiki. Aka yi ta zuwa yi mini sannu da zuwa. Malam Audu ya riƙe hannuna ya daɗe, bai ce komai ba game da katanga, ni ma ban ce ba. Da na sake raba kwalabe, sai na ce kowa ya fito mini da san ƙofar gida in ɗiba da kaina. Aka yi dariya, aka fito da su.

Da la'asar na tafi gidan Iya Tabawa. Turken yana nan a tsakar gida, igiyar na rataye a kansa, an share wurin tas. Tana zaune a tabarma tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta.

"A'a, mijin nawa ne? Turawan ba su ba ka abinci ba ne?"

Na ce, "Iya, akwai maganar da zan faɗa miki. Tun farkon zuwana na ga cutar a kwalbarki. Da na yi waya a lokacin, da saniyarki tana nan. Ban yi ba."

Ta ci gaba da tsintar wakenta, har na ɗauka ba ta ji ba. Sannan ta ce, "Kwananta ne ya ƙare." Ta ture wata tsakuwa gefe. "Ni abin da ya dame ni daban ne. Bayan ka tafi, da na ji abin da mazan suka yi, kwana na yi ta yi ina jin nauyi. Na ce kowa ya fitar da kai kunya, ni kaɗai na bar ka ka tafi da na marar lafiya."

"Iya, ai naki ne ya ceci garin."

"Haka suke ta faɗa." Ta ɗago ta dubi turken, sannan ta dube ni. "Kada ka yaba mini, Sabi'u. Da biyu gare ni, ni ma na mai kyan zan ba ka."

Sai na gyara zama a gefen tabarmar, na jawo farantin, muka ci gaba da tsince waken tare.